Rakiyar Baffa Onarabul

A gidanmu na Agege, Baffa Onarabul muke ce masa, ko da yake ba ɗan'uwanmu ba ne na jini. Mahaifinsa falken goro ne da yake sauka a gidan kakanmu duk lokacin da ya zo daga Arewa. A zango irin namu kuwa, in baƙo ya sauka a gida ya ji daɗin zama, shi ke nan gidan ya zama masaukinsa, ya zama na 'ya'yansa a bayansa. A ɗakin da ke jikin zaurenmu Baffa ya yi wani yanki na ƙuruciyarsa tare da Babanmu. Kwano ɗaya suke ci, tare suka koyi Yarabanci a bakin masu tallan wake da burodi, tare suka tsinci ɗan Faransancin kasuwa wajen baƙin Nijar da ke kwana a zauren. Daga baya aka mayar da shi gida ya yi boko mai zurfi, Baba kuma ya gaji gidan da cinikin ƙirgi. Har suka yi furfura Baffa bai daina kiran Baba da "Maigida" ba, shi kuma Baba yana ce masa "Baƙona", ko da a gaban 'yan sandan da ke tsaronsa.

Ina sakandare aka fara zaɓensa majalisar tarayya daga mazaɓarsu ta can Arewa. Na gama, na yi aure a Ogba, na haihu, 'yata ta fari ta sa irin rigar makarantar da na sa, yana nan a kan kujerarsa. Gwamnatoci suka zo suka wuce, shi ma ya sauya jam'iyya kamar yadda kowa ke sauyawa, amma abu ɗaya bai sauya ba. Abokansa suna ta rububin kwamitin ayyuka da na mai, inda ake cewa romon yake, shi kuwa ya je ya lafe a kwamitin harkokin waje. Ya fara da kujerar baya, ya zama mataimaki, ya zama shugaba. Da iska ta juya aka sauke shi, ya ci gaba da zuwa zama kamar ba a yi komai ba, har aka gaji aka mayar masa da kujerar. In ka ji muryarsa a rediyo, to ko dai maganar yarjejeniyar kan iyaka yake, ko halin da ofisoshin jakadancinmu ke ciki, ko ɗalibanmu da ke karatu a waje. Magana ce mai sanyi, a hankali, irin wadda takan sa yara su tashi ɗaya bayan ɗaya su bar ɗakin.

A teburin mai shayi na bakin layin dogo kuwa ba a raga masa. Akwai samarin mazaɓarsa da yawa da kan zo Legas cin rani, wasu ga-ruwa, wasu dako, wasu okada. Su ne ke cewa jirgin sama ya fi su sanin fuskar wakilinsu. "Mu rijiya muke nema, shi yana can yana musabaha da mutanen da ba su san sunan garinmu ba." In na zo wucewa na ji nakan yi dariya, don na ga gaskiyarsu, kuma har gobe ban ce ba su da ita ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk da wannan ƙorafi, in zaɓe ya zo sai su cika mota su tafi gida su sake dangwala masa.

Da yake yawancin tafiye-tafiyensa daga Ikeja jirgin ke tashi, yakan biyo ta gidanmu kafin ya wuce. A wancan lokaci mota ba ta shiga lungunmu. Kwata ce a tsakiya, katako a kanta nan da can, ga teburan masu sayar da tumatir sun cinye sauran wurin. Dole motocinsa su tsaya a bakin titi, ya tattare babbar rigarsa ya tako da ƙafa. In ya shigo, gaisuwa ce, sai tuwon shinkafa da miyar ewedu, wato lalon Yarabawa, wadda ya ce ba a iya ta a Abuja ba, sai tsokana tsakaninsa da Innarmu a kan wai ta rage masa nama. A cikin ɗaki ba a maganar da take magana. Wannan sai an tashi rakiya. Baba zai sa hula, su jera a hankali cikin lungun nan har bakin titi, ɗayanmu na biye da ledar goro ko kilishin da Inna ta ƙulla wa baƙo. Ni na sha ɗaukar ledar, shi ya sa na sani. A kan wannan hanya Baba ya faɗa masa cewa ciwon kakarmu ba na tashi ba ne. A kanta Baffa ya faɗa wa Baba zai bar jam'iyyarsa tun kafin 'yan jarida su ji. Ina jin in mutum biyu suna tafe kafaɗa da kafaɗa, kowa na kallon inda zai sa ƙafa, magana ta fi sauƙin fitowa.

Wani abu kuma, tsawon shekarun nan Baba bai taɓa roƙonsa komai ba. Ko kujerar Makka, ko aikin ɗa, ko gyaran rufi. A wajensa maigida shi ke bayarwa, baƙo shi ke karɓa, ko da baƙon ya zama me. Baffa da kansa ya taɓa cewa gidanmu ne kaɗai yake cin abinci ba a ajiye masa buƙata kusa da kwano ba. Baba ya ji daɗin maganar nan fiye da kima, kuma ita ce ta kusa ja mana.

Yayanmu, ɗan farin gidan, shi ya karɓi cinikin ƙirgi da gwiwar Baba ta fara ba shi wahala. A mayanka yake saye, amma in kaya sun yi ƙaranci yakan bi gaɓar teku ya ƙetare iyaka zuwa wata ƙasa da ba zan ambata ba, ya haɗo ya dawo. A shekarar da nake ba da labari, ya tafi kamar kullum, sai ga direban da suka saba tafiya tare ya dawo shi kaɗai. Ya tsuguna a zaure ya faɗa wa Baba cewa an yi kamen baƙi a kasuwar can, an kwashi mutane ba a tsaya duba na kowa ba, an zuba su a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa, kuma Yaya na ciki. Ana raɗe-raɗin za a kwashe su zuwa wani kurkuku can cikin ƙasar kafin a kai su kotu, in kuwa aka kai mutum can, gano inda yake ma aiki ne. Ya miƙo jakar Yaya da ya ɗauko daga masaukinsa. Da matar Yaya ta zuge jakar, abu na farko da ta ci karo da shi shi ne abin shaƙarsa. Yaya yana da asma tun yana yaro. Ƙura kaɗan ko ɗaki mai cunkoso ya isa ya sa numfashinsa ya fara kuka, ga shi yanzu a sito, abin shaƙar kuma yana hannunmu a Agege.

Da labarin ya same ni na baro Ogba ko girki ban sauke ba. Na tarar an riga an yi abin da aka saba yi. An kira mai masaukin Yaya na can, ya je ƙofar siton an kore shi. An gaya wa manyan unguwa, sun ce za su bincika. An sa almajiran malam addu'a. Na durƙusa gaban Baba na ce, "Baba, a kira Baffa Onarabul mana. Wannan ai aikinsa ne."

Ya ce, "Ya aiko zai biyo ranar Juma'a, zai wuce wani taro."

"Baba, Juma'a ta yi nisa. Ga waya nan a aljihunka."

"Ba a faɗa wa mutum irin wannan a waya."

Na tashi raina a ɓace na shiga wajen Inna, ina zaton ita za ta goya mini baya. Tana zaune tana tsince shinkafa. Na ce ta sa baki. Ba ta ɗago ba, ta ce, "Ke dai kin cika gaggawa. Shi wancan ɗin ai ba yaro ba ne." Wancan ɗin. Haka take kiransa tun da na yi wayo. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta taɓa tambayar ko ya ci abinci ba sai dai ta ce a duba ko akwai wanda bai ci ba. Kunyar ɗan fari na san ta, ni ma ina taɓa yi wa tawa 'yar in surukaina na kusa. Amma ranar nan na ji kamar in ɗauki kunyar nan in jefa ta a kwatar lungunmu. Ga mutum yana can yana kokawa da numfashi, ga iyayensa biyu nan, kowanne zuciyarsa na ci da wuta, amma an rasa wanda zai buɗe baki ya ce ɗana.

Haka muka jira Juma'a. Ban koma gidana ba, sai dai in leƙa in dawo. Matar Yaya ta ajiye abin shaƙar a kan talabijin, duk wanda ya shigo ɗakin sai idonsa ya faɗa kansa ya kawar.

Akwai abin da ba wanda ya tuna a cikinmu. A wannan shekarar, da zaɓe ya ƙarato, an zo an rufe kwatar lungunmu, an shimfiɗa bulo mai kyau tun daga bakin titi har ƙarshe, an tura masu tumatir gefe. Mun yi murna har da rangaɗa guɗa. Baffa kuwa bai zo ba tun da aka yi aikin. Ana saukowa daga masallaci ranar Juma'a sai muka ji ƙugin mota a jikin bangonmu. Direbansa ya ga hanya ta buɗe, ya turo baƙar jif ɗin nan har ƙofar zaure, ya juya ta ya saita hancinta waje, yana ganin ya kyauta wa tsoho.

Baffa ya shigo da fara'arsa, yana yi wa Baba barka da hanya. Na kawo ruwa, na kawo tuwo. Ya tambayi mijina, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya waiga ya ce, "Ina babban mutum? Yau ban gan shi ya tare ni ba."

Baba ya ce, "Ya yi tafiya."

"To, madalla. Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau."

Saura kaɗan tiren ya suɓuce daga hannuna. Na kalli Baba, ya ɗago ya yi mini kallon da ya sa na ja bakina na rufe. Baffa ya ɗaga murya ya gaida Inna ta bayan labule, ya ce yau ma an rage masa nama. Ta amsa da cewa ya yi haƙuri. A da da ta mayar masa da biyu. Ya ci abincinsa, ya ba Baba labarin taron da za shi, wai a kan yadda 'yan kasuwa za su riƙa ƙetare iyaka ba tare da tsangwama ba. Ina tsaye a bakin ƙofa ina jin wannan, ban san lokacin da na ciji leɓena ba. Na lallashi kaina da cewa saura rakiya. Tun safe na ga Baba ya sa an goge masa takalmin fita, ya jingina sandarsa kusa da kujera. Ya shirya maganarsa, lungu kawai yake jira.

Baffa ya wanke hannu, aka yi addu'a, ya miƙe. Baba ya sa takalmi, ya gyara hula, ya ɗauki sanda. Na karɓi ledar kilishi a hannun Inna na biyo su. Muna fitowa daga zaure sai ga mota a gabanmu, ƙofarta a buɗe, ɗan sanda na riƙe da ita, sanyin cikinta na bugo mu. Mataimakin Baffa, wani dogo mai waya biyu a hannu, ya karɓe ledar daga hannuna yana cewa, "Oga, lokaci fa. Gosulo dey for front," wato akwai cunkoson motoci a gaba. Maƙwabta sun fito kallo, yara sun kewaye motar. Baba ya tsaya da sandarsa, ya kalli motar, ya kalli mutane. Na ga bakinsa ya motsa. Abin da ya fito shi ne, "To, Baƙona, Allah ya kiyaye hanya."

"Amin, Maigida. Sai na dawo."

Aka rufe ƙofa, motar ta ja.

Ban taɓa ganin Baba ya tsufa a gabana ba sai a wannan tsayuwar. Bai koma ciki ba, yana nan tsaye cikin gogaggen takalminsa. Ni kuwa na faɗa cikin gida na fizgo mayafina. Na yanke shawarar in hau okada in bi su ko da har filin jirgi ne, in ya so Baba ya yi fushi da ni shekara guda. Na fito da sauri na wuce shi, na yi ɗan nisa cikin lungun, sai na ja na tsaya. Motar tana can bakin titi a tsaye. Baffa ya fito daga ciki, ya tattare babbar rigarsa kamar yadda yake yi a zamanin kwata, yana takowa da ƙafa, mataimakin na biye yana nuna masa agogo. Ya juya ya faɗa masa wata magana, dogon ya koma ya jingina da mota.

Ya wuce ni ya isa gaban Baba, yana ɗan haki. Ya ce, "Maigida, ba ka raka ni ba. Tun muna yara ban taɓa barin gidan nan ba rakiya ba, ba kuma yau zan fara ba don an sa bulo."

Suka jera, Baba na dogara sanda, ni ina biye hannu wofi, don ledar tana mota. Suka wuce shagon mai faci, suka wuce famfo. Sai da muka kusa masallacin lungu sannan Baba ya yi gyaran murya.

"Akwai wasu yaran unguwa da aka tsare a ƙetare. 'Yan kasuwa ne, ba su yi komai ba."

"A ina?"

Baba ya faɗi garin da siton.

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu."

Baffa ya yi tafiya kaɗan, sannan ya ce, "Har da namu a ciki?"

Baba ya tsaya yana gyara riƙon sandarsa, ya zuba wa layin dogo ido kamar yau ya fara ganinsa. Na jira, na jira, na ga abin ba mai ƙarewa ba ne. Daga bayansu na ce, "Har da Yaya, Baffa. Kuma abin shaƙarsa na gida."

Baba bai juyo ya harare ni ba. Ina jin ma ya gode mini a ransa, ko da yake har yau bai faɗa ba.

Baffa ya tsaya cak. Ya ce, "Maigida, da na hau jirgin nan fa?"

"Da ka dawo na faɗa maka."

"Da na dawo," ya maimaita, yana girgiza kai. "Ni takalminka na gani. Mutumin da gwiwa ta hana shi zuwa Juma'a sai a keke napep, ba ya goge takalmi don ya tsaya a bakin ƙofa. Muna tafiya abin yana cina, na ce su tsaya."

A inuwar rumfar wani mai sayar da katin waya ya tsaya ya fiddo wayarsa. Na zaci minista zai kira, ko ya yi tsawa a ji tsoro. Sai ya kira wani tsoho irinsa, ɗan majalisar ƙasar can, wanda suka daɗe suna haɗuwa a tarukan majalisun yankinmu. Ya fara gaisuwa da Faransancin zauren gidanmu, wanda ko ni na san ba na makaranta ba ne. Ya tambayi lafiyar mutumin, ya tambayi matarsa, ya tambayi ciwon bayansa, ya sake yi masa ta'aziyyar mahaifiyarsa wadda ashe Baffa ya je jana'izarta da kansa shekarun baya. Suka yi dariya a kan wani abu da ya faru a wani taro. Ni ina gefe ina tafasa, ina cewa a raina yau na haɗu da tsofaffi, daga mai jiran rakiya sai mai gaisuwa. Motocin haya na danfo na wucewa, kwandasta na kiran Oshodi, jirgin Baffa na can na jira. Can da gaisuwa ta ƙare, sai ya sauke murya ya faɗi maganar a taƙaice. Ya saurara, ya yi godiya, ya kashe.

Kira na biyu ofishin jakadancinmu na can ya yi, wajen jami'in da ke kula da 'yan ƙasa. Wannan babu doguwar gaisuwa. Ya ce masa ya je siton da ƙafarsa yau ɗin nan, ya biya kantin magani ya sayi abin shaƙa na asma, ya ga mutanenmu da idonsa, ya tabbatar ba a motsa da kowa ba, sannan ya kira shi ko yana cikin taro.

Baba ya ce a hankali, "Shi wancan ɗin dai, in an samu hali..."

Baffa ya ce, "Dukansu, Maigida. In na nemi mutum ɗaya, alfarma na roƙa, ana iya hana ni. In na nemi 'yan ƙasarmu gaba ɗaya, aikina nake yi." Sannan ya juyo gare ni. "Ke 'yar gidan nan, ban yi miki alkawarin gobe ba. Ƙasar mutane ce, suna da dokarsu, ba a shiga musu da ƙarfi. Amma daga yau an san akwai mai tambayarsu."

Ya shiga mota ya tafi, wannan karon da rakiyarsa cikakkiya. Kafin magariba wayar Baba ta yi ƙara. Jami'in ne. Ya ga Yaya, ya same shi a jingine da bango yana jan numfashi da ƙyar, ya ba shi abin shaƙar, kuma ya sa an matsar da shi kusa da ƙofa inda iska ke shiga. Matar Yaya ta zame ta zauna a ƙasa tana kuka tana dariya. Ni kuwa sai a lokacin na ji yunwa, na cinye ragowar tuwon baƙo a tsaye a cikin tukunya.

Sauran ya ɗauki kwanaki. Baffa yana can wajen taronsa, amma kullum sai ya kira, Baba kuma da ya ce ba a irin wannan magana a waya ya koma kwana da ita a hannu. Yau a ce an dakatar da kai su kurkuku, gobe a ce ana tantance su, jibi a ce wanda zai sa hannu ya yi tafiya. Ba a ji sunan Baffa a rediyo a kan wannan ba, ba a buga a jarida ba. Da zaɓe na gaba ya zo ma, 'yan jam'iyyarsa suka tsayar da wani matashi mai alkawarin rijiyoyi, Baffa ya tattara ya koma gida. Na ji samarin teburin shayi na cewa ya isa haka, kuma ban yi musu da su ba, don ba ni ce ke shan ruwan garinsu ba. Na dai san abin da musabahar nan ta shekara da shekaru ta yi mana a rumfar mai kati. Yanzu in ya zo Legas ganin likita, mota ɗaya ce ke kawo shi, babu ɗan sanda, kuma tuwonsa na nan.

Amma na yi gaba. Ranar da Yaya ya dawo, da hantsi ne. An sako su gaba ɗaya, aka sa su a mota zuwa iyaka, daga nan kowa ya kama hanyarsa. Yara ne suka fara hango shi a bakin lungu suka rugo da gudu. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, gemu ya cika masa fuska, rigar jikinsa ba tasa ba ce. Amma da ƙafarsa yake tafe, kuma da na matsa kusa na kasa kunne, numfashinsa ba ya kuka. Na riƙe hannun rigarsa ina kuka ina yi masa faɗa a kan barin abin shaƙa a jaka, yana cewa, "To, sarkin baki, bari in shiga gida tukuna."

Ya durƙusa a zaure ya gaida Baba. Baba ya ce, "An dawo?" Ya ce, "An dawo." Baba ya ce, "To, madalla," ya ci gaba da jan carbinsa, sai dai carbin ya ƙi tafiya daidai a hannunsa. Yaya ya shiga ciki ya durƙusa a ƙofar kicin inda Inna ke juya shinkafa. Ba ta juyo ba. Ta amsa gaisuwarsa tana kallon tukunya, sannan ta ce da ni, "Ki gaya wa wancan akwai ruwan zafi a bayi."

Gida ya cika da 'yan barka. Matan maƙwabta Yarabawa sun shigo suna rawa a tsakar gida, mahauta abokan Yaya sun aiko da cinya guda, iyalan sauran waɗanda aka sako suna ta shigowa yi wa Baba godiya yana cewa ba shi ba ne. Ana cikin haka sai ƙauri ya tashi. Na ruga kicin na tarar shinkafa ta kama, hayaƙi na fita. Inna kuwa tana zaune a ƙasa a bayan ƙofa, ta jingina da buhun gari, muciya na hannunta, bakinta a ɗan buɗe, tana barci har da minshari, da rana tsaka, gida cike da baƙi.

Na sauke tukunyar, na sunkuya zan tashe ta. Sai na ji sandar Baba a bayana. Shi da ban taɓa ganinsa a ƙofar kicin ba, ga shi ya tako har nan.

Ya ce, "Ƙyale ta. Tun ranar da direban nan ya kawo labarin ba ta runtsa ba, ko sau ɗaya."

Na ɗago na kalli idanunsa, sun yi ja sun faɗa ciki. Ban tambaye shi yadda aka yi ya sani ba. Na cire mayafina na lulluɓa mata, na ja ƙofar a hankali, muka ci ƙonanniyar shinkafa.